Shin baƙin gefen sikirin ɗin kwamfutar hannu na jin taɓi?

Tun daga ranar 20 ga Yunin 2025, duk sabuwar wayar salula ko kwamfutar hannu da za a shigar kasuwannin Tarayyar Turai dole ta zo da takardar da ke nuna ƙarkon batirinta, da juriyarta idan ta faɗi ƙasa, da kuma sauƙin gyaranta. Dokar ta kuma wajabta wa kamfanoni samar da muhimman kayan gyara har tsawon shekara bakwai bayan sun daina sayar da samfurin.

Cikin sassan da maganar faɗuwa da gyara ta shafa akwai baƙin firam ɗin nan da ya zagaye sikirin, wanda kamfanoni suka shafe shekaru suna rige-rigen tsuke shi. Sai dai mutane da dama na yi wa wannan firam wata fahimta daban. Ganin cewa idan aka ja yatsa daga gefe manhaja kan rufe ko ta koma baya, sai su ɗauka shi kansa firam ɗin yana jin taɓi.

Gaskiyar magana ita ce a kusan duk kwamfutocin hannu da ake sayarwa yanzu, na Apple ne ko na Samsung ko na Lenovo, firam ɗin ba ya jin komai.

Yadda abin ke aiki

A ƙarƙashin gilashin kwamfutar hannu akwai wani siririn shimfiɗi mai layukan lantarki da ido ba ya gani, wanda masu gyara ke kira tac. Idan yatsa ya taɓa gilashin, cajin lantarkin da ke wurin kan ɗan sauya, na'urar kuma ta gane inda aka taɓa.

Wannan shimfiɗi yakan tsaya ne daidai inda hoto ya tsaya. Abin da ke ƙarƙashin baƙin firam shi ne ƙananan wayoyin da ke kai saƙon taɓin zuwa ƙwaƙwalwar na'ura, da gam ɗin da ya riƙe gilashin, da kyamarar gaba.

To me ya sa jan yatsa daga gefe yake aiki? Dabarar manhaja ce. Idan na'urar ta ga yatsa ya fara bayyana a layin ƙarshe na sikirin sannan ya nufi tsakiya, sai ta ɗauka daga waje ya shigo. Gwada hakan abu ne mai sauƙi: a ɗora yatsa a kan firam, a ja shi ba tare da ya shiga wurin hoto ba. Babu abin da zai motsa.

Kamfanin da ya taɓa gwadawa

A watan Afrilun 2011 kamfanin RIM na ƙasar Kanada, mai wayoyin BlackBerry da suka yi tashe a Najeriya a zamanin BBM, ya fitar da PlayBook, kwamfutar hannu mai sikirin inci 7. Babu maɓalli ko ɗaya a fuskarta, domin shimfiɗin taɓinta ya zarce har cikin firam.

Jan yatsa daga firam ɗin ƙasa zuwa sama na fitar da mutum daga manhaja. Daga firam ɗin sama kuma yana buɗe zaɓuɓɓukan manhajar, daga hagu ko dama yana sauya wata manhajar da ke buɗe. Ko sikirin a kashe yake, ana tayar da shi ta hanyar jan yatsa daga wannan firam zuwa wancan. Kafin ita, wayar Palm Pre ta 2009 ta zo da wani ɗan fili mai jin taɓi a ƙasan sikirin.

Amma PlayBook ba ta karɓu ba. An fitar da ita ba tare da manhajar imel da kalanda ta kanta ba, sai an haɗa ta da wayar BlackBerry, ga ƙarancin manhajoji idan aka kwatanta da iPad. A Disambar 2011 kamfanin ya sanar da asarar dala miliyan 485 kan waɗanda suka yi kwantai. A ranar 4 ga Janairun 2022 kuma BlackBerry ya rufe hidimomin da tsofaffin na'urorinsa suka dogara da su, ciki har da PlayBook.

Me ya sa sauran ba su bi sahu ba?

Dalili na farko shi ne riƙo. Waya takan zauna a tafin hannu, amma kwamfutar hannu sai an ɗora babban yatsa a fuskarta kafin ta riƙu. Firam shi ne wurin da yatsan ke hutawa ba tare da ya danna komai ba.

Shi ya sa Apple ya bi wata hanya daban. Lokacin da ya fitar da iPad mini a 2012 mai siririn firam a gefuna biyu, sai ya koya wa manhajar yin watsi da babban yatsan da ya kwanta a bakin sikirin. Wato maimakon a ƙara wa firam ji, sai aka rage wa bakin sikirin.

Dalili na biyu kuɗi ne. Idan manhaja za ta iya yin kusan aikin da ƙarin shimfiɗin taɓi zai yi, babu kamfanin da zai so ƙara wa kansa tsadar ƙira. Na uku kuma, firam ɗin kansa ya yi ta ƙanƙancewa har filin da ya rage ba shi da yawa.

Duk da haka salon bai mutu ba. Windows 8 ya zo da jan yatsa daga gefe a 2012, iPhone X ya jefar da maɓallin tsakiya a 2017, iPad Pro ya bi shi a 2018, sannan Android 10 ya kawo cikakken tsarin a 2019.

Sai dai akwai abin da aka rasa. PlayBook na da tabbacin cewa yatsa daga waje ya taso, na'urorin yanzu kuwa hasashe suke yi. Wannan ne ya sa a Android mutum kan so ya janyo jerin zaɓuɓɓuka daga gefen manhaja, sai ya ga an mayar da shi baya.

Abin da ya shafi mai saye

Dokar Turai ba ta aiki a Najeriya ko Nijar, don haka mai saye a Farm Centre da ke Kano ko Computer Village da ke Ikeja, dole idonsa ya zama alƙalinsa, musamman idan na hannu zai saya.

Tunda komai ya dogara ne da layin ƙarshe na sikirin, ɗan tsagewa a gefe na iya hana mutum fita daga manhaja ko komawa baya, ko da tsakiyar na aiki lafiya. Ya kamata a gwada jan yatsa daga dukkan gefuna huɗu kafin a biya kuɗi.

Rigar roba mai tudun baki da gilashin kariya mai kauri su ma kan hana yatsa isa bakin sikirin. Kafin a kai wa mai gyara, a cire su a sake gwadawa. A yawancin na'urorin Android akwai damar komawa tsarin maɓallai uku a cikin saiti, wanda ya fi sauƙi ga yara da dattawa.

Sai kuma kuɗin gyara. A samfurin iPad mafi araha gilashin taɓi daban yake da sikirin, don haka ana iya canza shi kaɗai. A iPad Air da iPad Pro kuwa a manne suke, idan ɗaya ya fashe yawanci duka ake canzawa. Siririn firam na nufin sikirin ya matso kusa da kusurwa, inda na'ura ta fi buguwa idan ta faɗi.

Saboda haka ga iyayen da za su saya wa yaro don karatu, ko ɗan kasuwar da zai riƙa amfani da ita a shago, firam mai ɗan faɗi ba alamar tsohon yayi ba ne, wurin riƙo ne kuma kariya. Idan mai sayarwa ya ce firam ɗin kwamfutarsa na jin taɓi, a nemi ya gwada a gaban mai saye.