Bayan saki: 'ya'ya da dukiya, na wa ne?

Magidanta da yawa a Yamai suna zaton da zarar mutum ya saki matarsa, 'ya'ya sun zama nasa nan take. Ba haka abin yake ba. Tun daga dokar 16 ga Maris 1962, wadda aka sabunta a 2004 da 2018, alƙalan Nijar al'adar ma'aurata suke bi a sha'anin saki, tare da masana al'ada zaune gefensu.

Bisa al'ada, yaro yana komawa wajen uba idan ya kai shekara 7. Malikiyya kuwa ta bar namiji ga uwa har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Alƙali yakan duba maslahar yaron, amma ko'ina yake, ci da sutura da kuɗin lakkwal suna wuyan uba.

Dukiya kuwa, kowa da tasa. Kayan ɗaki na mace ne. Sadaki ma nata ne, sai in ita ta nemi hul'i. Ɗan kasuwar da ya sa sunan matarsa a takardar fili don gudun masu bin bashi, zai sha wuya kafin ya shawo kan alƙali cewa filin nasa ne.