DANDALIN LOKESHAN: Ƙanƙarar Niseko, hazon Daura

A tsibirin Hokkaido, can arewacin Japan, akwai wani ɗan gari mai suna Niseko. Daga Disamba zuwa Maris iska kan taso daga Saiberiya, ta ɗebi laima a teku, ta zo ta juye dusar ƙanƙara a kan duwatsun garin, ko'ina fari fat. To, wannan sanyin shi ne jarinsu. Baƙi daga Ostireliya da sauran ƙasashe kan cika otal-otal, su yini suna wasan zamiya a kan ƙanƙara, da dare su jiƙa jiki a ruwan zafi mai ɓuɓɓugowa daga ƙasa. A tsibirin kuma akwai birnin Otaru, wanda fim ɗin 'Love Letter' na 1995 ya tallata, har 'yan kallo daga Koriya suka riƙa yin takakka don ganin inda aka yi shutin.

Furodusoshin Kano kuwa, in ana hirar lokeshan, sai ka ji wasu na guri: ina ma a ce a cashe cikin ƙanƙara irin ta Shah Rukh Khan da Kajol a Suwizalan! Haba jama'a! Ai kuɗin jirgi kaɗai ya isa ya lashe jarin fim ɗin.

Alhali a watannin nan Daura ma na da nata. Hunturu kan kwaso ƙurar Sahara, hazo ya lulluɓe gari, rana ta fito kamar faifai, a kalle ta ido da ido. Mai karatu, ƙiyasta hoton ƙofar fadar Sarkin Daura da sassafe cikin wannan hazo, ko rijiyar Kusugu, ko hanyar Kwangwalam inda gawo ke kore shar sauran itatuwa sun kakkaɓe. Ga mai shayi ya hura wuta, dattawa sun naɗe kai suna jin ɗumi. Kamfani ɗaya in ya yi mako guda, masu masauki, masu tuwo da 'yan kurar ruwa duk sun samu.

Ba wai babu wahala ba. Ƙura na cin kyamara, leɓen jaruma kan tsage sai an bi da man kaɗe. Daraktan da zai tsayar da yarinya cikin leshi shara-shara tun asuba, wai sai an maimaita rawa sau goma, wallahi bai kyauta ba; ya saya mata rigar sanyi da shayi.

Daga Kano ta Kazaure tafiyar kamar awa biyu ce, babu biza. Sai dai a hanzarta, don kafin Maris hazon ya fara yayewa, zafi ya kunno kai.