WAI BANKI YA ƊORE, TO MANOMIN GWASHI FA?

'Yan'uwa, duk sa'adda masu kwat suka taru a Abuja kan ƙananan bankunan da aka ce na talakan ƙauye ne, kalma guda suke ta nanatawa, wai "ɗorewa". Ka tambaye su me ke nan, sai su ce maka bankin ya karɓo kuɗinsa cif, da ruwa a kai, har ya biya ma'aikata. Ba ka jin an tambaya ko akuyar da aka sayar aka biya bashin ta dawo turkenta.

Wannan waƙa ba yau aka fara ta ba. Bayan da Babangida ya ɗora wa jama'a SAP a 1986 bisa shawarar Bankin Duniya da IMF, sai ya fito da People's Bank a 1989, wai bankin talakawa, ya biyo da bankunan al'umma a 1990. Ina People's Bank yau? A shekarar 2000 aka narkar da shi cikin bankin manoma. A 2005 Babban Banki ya kawo sabon tsarin ƙananan bankuna, a 2010 kuma shi da kansa ya soke lasisin 224 daga cikinsu. Su ma ke nan ba su ɗore ba, ballantana wanda suka ce za su ɗaga.

To mu sauko Gwashi, ƙasar Bukkuyum. Manomin nan sau ɗaya yake ganin kuɗi a shekara, da kaka, in ya cire gero da dawa da wake. Amma bashin irin wannan banki wata-wata ake biyansa, wani ma mako-mako. A ce ruwan kashi 5 cikin 100 ne a wata. Kafin shekara ta zagayo ya zama kashi 60. Wace gona ce ke ba da wannan riba? Ga ɗan bindiga ya aza wa ƙauye haraji kafin a yi shuka, ya sake azawa kafin a girbe. Da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a Zamfara a 2021, a ina manomi zai sayar da hatsi ya biya? Da ambaliya ta ci Gummi a 2024, ruwan bashi ya tsaya jiran kowa?

Kuma kada mu manta da abin da talauci ya riga ya jawo wa wannan yanki. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, saboda iyaye na daka dutsen zinari a tsakar gida. Mutumin da ya kai wannan hali jari yake nema, ba mai zuwa ƙofarsa da littafin bashi ba.

Za su ce maka ai Muhammad Yunus ya yi a Bangladesh har ya sami kyautar Nobel a 2006. Me ya sa ba sa faɗin jihar Andhra Pradesh ta Indiya, inda a 2010 matsin masu karɓar bashi ya kai wasu ga kashe kansu, har gwamnati ta taka wa kamfanonin birki?

Riba dai riba ce, ko Allah bai halatta ta don an ce ƙarama ce ba. Abin takaicin shi ne muna da namu. Akwai salami, a biya manomi kuɗin hatsi tun da bazara ya kawo da kaka. Akwai ƙiradi, mai dukiya da mai aiki su raba riba, in asara ta zo kuma mai dukiya ya ɗauka. Ko adashin da iyayenmu mata ke zubawa bai taɓa cin sisin kowa ba. Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a tun 1999, tana kuma da hukumar zakka da waƙafi. To matasa, ku je ku tambayi hukumar nan, manoma nawa ne a Gwashi ta ba rancen taki da iri ba ruwa a daminar bana?