Mai Busa Kilarinet Ya Auna Numfashinsa Kafin Ya Zaɓi Take

Jama'a, 'ya'yanmu na zango da suka shiga badujalar makarantu da ta 'yan sanda sun fara ɗaukar kilarinet, baƙar sarewar nan ta Turawa mai maɓallan ƙarfe. Abin da ya fi kayar da su ranar gwaji shi ne su zaɓi take mai wuya, sannan su busa shi a guje don a ce sun iya.

A ganina, wurin da ya fi wuya a cikin take shi ya kamata ya yanke saurinsa. Kilarinet tana da wata mararraba a tsakiyar muryarta: sauti ɗaya ana fitar da shi ramuka kusan duk a buɗe, mai bi masa kuwa sai yatsun hannu biyu sun rufe su lokaci guda. Wanda ya fara da gudun da yatsunsa ba za su iya tsallake wannan mararraba da shi ba, nan zai yi tuntuɓe, kilarinet ta yi ƙara kamar an taka ɗan tsako. Sai ya nemo layin da ya fi ba shi wahala, ya ga saurin da yake busa shi da tsabta, ya ɗora farkon taken a kansa.

Masu cewa ai haka mawallafi ya so, su duba babban taken da Mozart ya rubuta wa abokinsa Anton Stadler a 1791, 'yan makonni kafin rasuwarsa. Kalmomin Italiyanci kawai ya sa a kan kashi ukunsa, masu nufin a yi da kuzari ko a yi a hankali. Na'urar ƙirga bugu ta Maelzel sai a 1815 aka yi mata rajista. Duk lambar da kuka gani a takardar, wani ne ya ƙara daga baya.

Kashi na biyu, mai tafiya a hankali, shi yara ke rainawa, alhali nan asiri ke tonuwa. Mai algaita yana tara iska a kumatu, yana shaƙa ta hanci, busa ba ta yankewa. Yawancin masu kilarinet ba su da wannan. Dole su tsaya su ja numfashi. Idan aka ja kashin ya yi sanyi fiye da kima, iska ta ƙare a tsakiyar jimla, murya ta karkace. Saboda haka a sa alamar wurin numfashi da fensir tun a gida.

Taken Mozart yana kusan rabin awa, leɓe kuwa yana gajiya. Mai shekara biyu ko uku da fara busa, gara ya ɗauki kashi na biyun kaɗai, ko in yatsunsa sun nuna, ƙaramin taken da Weber ya rubuta wa Heinrich Baermann a 1811, wanda bai wuce kimanin minti 10 ba.