Cibiyar ciwon daji ta Katsina: ina makomar wanda cutar ta kai wa hanta?

A shekarar 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar kula da masu ciwon daji a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Abin a yaba ne, domin a da sai mutumin Dutsi ko Daura ya niƙi gari zuwa Shika, Sakkwato ko Abuja kafin a gasa masa ƙari da na'ura. Sai dai akwai majinyacin da gini kaɗai ba zai cece shi ba: wanda aka yi wa tiyatar ciwon dajin dubura, ya koma gida yana zaton an rabu.

Jinin da ke fitowa daga hanji ta hanta yake bi, shi ya sa can cutar ta fi yin ƙaura, galibi cikin shekaru biyu zuwa uku bayan tiyata. Ba ta sallama. Kafin ido ya yi ɗorawa ko ciki ya kumbura, ta riga ta yi nisa. Da ma tun farko yawancinmu basir muke kiran jinin da muke gani a bahaya, mu yi ta shan saiwa har wata da watanni.

Amma kaiwa hanta ba yanke ƙauna ba ne. Idan ƙarin bai yi yawa ba, likitoci kan yanke ɓangaren da ya kamu, hantar kuma ta sake tofowa; da dama daga waɗanda aka yi wa haka sukan haura shekara biyar a raye. Wani ana fara ba shi magungunan ƙarin ruwa, irin su oxaliplatin, ƙarin ya motse sannan a yanke. Duk wannan ya rataya ne a kan gano shi da wuri, ta gwajin jini na CEA duk wata uku zuwa shida da hoton CT.

A nan gizo yake saƙa. Manomin da ya sayar da gona ya biya tiyata, da me zai riƙa zirga-zirgar Katsina? Asusun tallafin da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya soma ne da ciwon dajin mama, bakin mahaifa da mafitsarar maza, ban da na hanji. A ganina wajibi ne a sanya shi ciki, gwamnatin jiha kuma ta sa a riƙa ɗibar jinin a asibitin Daura ana aikawa Katsina, kowane majinyaci da katin ranakun komawarsa a hannu.