Sanarwar Bayan Taron Iyaye, Malamai da Masu Unguwanni na Dutsin-Ma da Kurfi kan Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure

Mu iyaye maza da mata, limamai, malaman Islamiyya da masu unguwanni na ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi mun zauna a garin Dutsin-Ma don duba halin da yara ke shiga idan aure ya mutu, uba kuma ya yi ɓatan dabo. Wakilai sun zo daga Karofi, Kuki, Makera, Birchi, Rawayau da Tsauri.

Abubuwan da taro ya lura da su

1. Magidanci kan saki matarsa ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, ya sauya layin waya, ba aike ba saƙo. Uwa ta koma gidan iyayenta da goyo a baya, wani a hannu. Hare-haren 'yan bindiga da suka hana noma a ƙauyukanmu sun ƙara yawan masu tafiyar, kakannin da ake barin wa yaran kuma su ma da ƙyar suke ɗora tukunya.

2. Sakamakon yana gabanmu. Yarinya ta ajiye allo da littafi ta ɗauki farantin talla, tana bin motoci a tasha har bayan magariba. Yaro kuma a miƙa shi almajirci ba guzuri, ba mai leƙa shi.

3. Wani uban sai bayan shekaru zai dawo hutun sallah, ya ce ɗa nasa ne, ya fizge yaron da bai san fuskarsa ba, ya damƙa wa kishiyar uwa, ya sake kama hanya.

4. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da an yaye yaro riƙo ya koma ga uba. Malamai sun bayyana cewa wannan al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke aiki da ita, kamar yadda ya zo a Risala da Muhtasar, uwa ce ke riƙon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta rasu ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ci da sha da sutura kuwa suna wuyan uba ko yana ina, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta nuna.

Matsayar taro

1. Duk sakin da ya shafi yara, a zauna gaban mai unguwa da liman kafin idda ta cika, a rubuta wanda zai riƙe su, kuɗin ciyarwa na wata, da ranakun ziyara.

2. Mai niyyar tafiya nesa ya bar wakili daga danginsa da zai riƙa kai kuɗin.

3. Uwar da aka bar wa yara ta kai ƙara kotun shari'ar Musulunci ba tare da jin kunya ba. Alƙali na da ikon yanka ciyarwa daga dukiyar wanda ba ya nan.

4. Uwa da danginta kada su hana uba ganin 'ya'yansa, kada kuma su cusa musu ƙiyayyarsa.

5. Muna roƙon Yandakan Katsina Hakimin Dutsin-Ma da Maradin Katsina Hakimin Kurfi su umarci dagatai su tattara sunayen yaran da ke cikin wannan hali.

6. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina, ta hannun Ma'aikatar Harkokin Mata da Hukumar Hisbah, ta aiwatar da Dokar Kare Yara ta 2020, ta kuma fassara ta da Hausa.

7. Limamai su keɓe huɗubar Juma'a kan haƙƙin 'ya'ya bayan saki.

Taro yana tunatar da kowane uba cewa saki igiyar aure kawai yake yankewa, bai sauke masa nauyin abin da ya haifa ba. Duk wanda wannan sanarwa ta riska a Kudu ko a ko'ina, ya ji tsoron Allah, ya nemi 'ya'yansa tun kafin kotu ta neme shi.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakataren Taro