Dutsen Galbraith: Ƙasa ta Mai Ita, Hanya ta Jama'a

Ina so in yi magana a kan wani dutse na ƙasar Amurka, domin yadda aka raba gardama a kansa ya burge ni. Sunansa Galbraith, yana bayan garin Bellingham a jihar Washington, kusa da iyakar Kanada. Ba wani dogon dutse ba ne, amma masu wasan keke sun san shi ƙwarai, saboda a cikin dajinsa akwai 'yan hanyoyi masu hawa da gangara da kwana-kwana, tsawonsu ya haura mil 60. 'Yan sa-kai ne suka yi yawancinsu da diga da shebur.

To, dutsen nan ba na gwamnati ba ne. Na wani kamfani ne mai shuka itatuwa yana sarewa don katako. Shekara da shekaru mahaya suna shiga bisa alfarmar mai wuri kawai. Ga shi kuma dutsen ya sha canza hannu, duk wanda ya saya yana da ikon rufe hanya, ko ya yanka filaye a gina gidaje. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

A shekarar 2018 hukumar garin da wata ƙungiyar kare daji mai suna Whatcom Land Trust suka haɗa dala miliyan 3 suka biya mai wurin. Ba dutsen suka saya ba. Alkawari biyu suka saya a rubuce, a kan fili fiye da eka 2,000: jama'a za su riƙa bin hanyoyin har abada, kuma ba za a mai da dajin unguwa ba. Ko an sayar da ƙasar gobe, alkawarin yana bin ta. Kamfanin kuwa ya ci gaba da saran itatuwansa. Wanda ya san burtali ya gane abin: gona ta manomi ce, amma ba ya toshe hanyar shanu.

Wani zai ce, ta yaya za a kashe kuɗin jama'a a kan abin da bai zama nasu ba? Ni dai a ganina wannan ita ce dabara. Mai keke ba itace yake so ba, hanya yake so. Da hukuma ta sayi dutsen ɗungurungum, da kuɗin ya ninka, sannan ɗawainiyar dajin duka ta hau kanta. Akwai kuma mahayan da ke gunaguni idan aka rufe hanya lokacin sara, su dawo su tarar inda suka saba shan inuwa ya zama fili sai kututture. Abin ba daɗin gani, na yarda. Amma a ce mai wuri ya bar ka ka wuce, kuma ya bar sana'arsa don idonka ya sha kallo, ai son kai ya yi yawa.

Mai shakkar amfanin takarda ya dubi abin da ya faru a jihar Vermont. Can ma akwai shahararrun hanyoyin keke da ake kira Kingdom Trails, a garin Burke, sun ratsa filayen mutane wajen 100, duk bisa mutunci. Baƙi suka yi ta ƙaruwa, mutanen gari suna kuka da cunkoso da rashin ladabin wasu mahaya. A ƙarshen 2019 masu fili 3 suka ce kada keke ya sake bi ta nasu. Filayen nan a tsakiya suke, saboda haka hanyoyi da yawa suka yanke. Ban ga laifinsu ba, nasu ne. Ba kuwa wanda ya iya hana su, don babu yarjejeniyar da ta ɗaure su irin ta Galbraith.